Farin Zanen Madam

Faransa, watan azumi, 1933

Da sunan Allah, wanda ke kai magana inda ƙafa ba ta kai ba.

Daga Fannami ɗan Yabawa zuwa ga Yaya Habsu a Gure, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ki durƙusa mini gaban Inna ki gaishe ta, ki tambaye ta ƙafarta. Ki gai da matata Kaltumi da ɗiyata Biba, da Malam Barmo, wanda na san shi zai karanta muku wannan. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin sanyi da kowa ke yi a nan.

Bayan haka, Yaya, ke na rubuto wa, domin ko da yake kakanni kawai muka haɗa, ke kika tsaya a gidanmu tun ranar da aka ɗauke ni soja, kuma ke kika san yadda ake faɗa wa Inna magana. Wa'adina ya cika, amma ba zan zo bana ba. Lokotoron da ya yi mini magani a bariki ya bar aiki saboda tsufa, ya roƙe ni in bi shi gida in yi musu hidima shi da matarsa, shekara ɗaya ko biyu, sannan shi da kansa zai sa ni a jirgi. Mutumin nan ya tsaya a kaina lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ni. Ban iya ce mishi a'a ba.

Garin yana gabas, kusa da iyakar Jamus. Yini a nan gajere ne, kafin ka ji ƙishi an sha ruwa. Ƙanƙara tana sauka, amma ba irin tamu mai jifa kamar tsakuwa ba. Wannan laushi gare ta kamar auduga, ba ta ƙara ko kaɗan, sai ka buɗe ƙofa da safe ka tarar ta rufe duniya.

Matar lokotoro tsohuwa ce, Madam ake ce mata. Bajamushiya ce daga can arewa, bakin teku. Tun babban yaƙi matan unguwa suka daina shiga gidanta, a kasuwa ma gaisuwarsu gyaɗa kai ce kawai.

Akwai abin da nake son ba ku labari. A ɗakin da nake hura wuta kowace safiya akwai wani hoto a bango, girmansa kamar buzun salla. Ba na na'ura ba ne, da hannu aka yi shi, da launi da aka kwaɓa da mai. Kakan Madam ne ya yi shi, wajen shekara ɗari ke nan. Ƙasar da ke ciki fara fat, kamar kwarin kanwa idan ya bushe da rani. A tsakiya wani babban icce ne, babu ganye ko ɗaya, rassansa sun karkace. Bayansa kangon wani ɗakin ibadarsu, rufin ya faɗi, sai bangon gaba da ƙofa mai tsini. Ga kogi ya daskare, ga baƙaƙen tsuntsaye a kan reshe. Rana tana ƙasa-ƙasa kamar garwashi cikin toka, ba ka sanin fitowa take yi ko faɗuwa. Can gefe kuma, ƙanana ƙwarai, mace ce da yarinya, sun ba mu baya suna tafiya, macen da daurin itace a bayanta, ga sawunsu a kan farar ƙasar.

Ranar farko na tsaya da itacen wuta a hannu ina kallo har Madam ta shigo ta same ni. Ta tambaye ni me na gani. Da guntun Faransancina na ce mata macen nan tafiyar uwata take yi idan ta dawo daga kwari. Na zaci za ta yi dariya. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce wannan hanyar garinsu ce, kuma rabonta da ita tun kafin a haife ni.

Ki ba Kaltumi haƙuri. Ita Madam ce za ta rubuta sunan Gure a bayan takardar nan da rubutunsu, ku ma ku kai amsa gidan waya a kwafa muku abin da ta rubuta a ƙasa.

Ƙanenki, Fannami.

Gure, bayan babbar salla, 1933

Daga Habsu zuwa ga ƙanena Fannami. Muna amsa gaisuwa. Ƙafar Inna Yabawa tana nan yadda ka bar ta, sai dai yanzu da sanda take zuwa rijiya. Biba ta zubar da haƙoran gaba. Kowa lafiya.

Na faɗa musu, tun da ni ka ɗora wa. Sai da aka karanta takardar sau biyu, sannan Inna ta ce Allah ya yi wa Ɗan Talata albarka, tun da bai manta alheri ba. Ka san ba ta kama sunanka. Kaltumi kuwa ta tashi ta koma turmi, ta yi ta daka geron da ya riga ya daku.

Ni ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Kana can kana hura wa uwar wani wuta, taka uwar ni ke ɗora mata ruwan wanka. Ba gori nake maka ba, ita ta riƙe ni lokacin da mijina ya rasu ba ni da inda zan sa kaina. Amma ni ba ɗanta ba ce, kuma ta san haka.

Rairayi ya sauko wa garkarka ta gefen gabas, ya binne kwamin da ake shuka albasa, yana neman ƙananan dabino. Manzo maƙwabcinka na kwari shi ya yi shinge da kaba, shi ne kuma ya hau ya yi wa dabinon barbara bana. Matarsa ta rasu da sanyin da ya wuce, duk da haka bai fasa ja mana ruwan garkar da jigo ba. Ka sa shi a gaisuwa in ka sake rubutowa.

Zancen hotonka ya cika gida. Inna ta kwana uku tana tambayar iccen nan. Ta ce a tambaye ka, fara ce ta cinye ganyen? In fara ta yi wa icce haka, me mutanen ƙasar suke ci, kai kuma me kake ci? Ta kuma ce wace irin uwa ce za ta fita da yarinya cikin irin wannan sanyi. Malam Barmo ya ce in gaya maka mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surar mutum, ka nemi wani wurin salla. Biba kuma ta zana icce da tsinke a tsakar gida, ta hana kowa sharewa.

Shekara ɗaya ka ce ko biyu. Mun ɗauki ɗayar.

Habsu.

Faransa, ƙarshen kaka, 1933

Daga Fannami zuwa ga Yaya Habsu, da Inna, da Kaltumi, da Biba, gaisuwa. Ina gai da Manzo, ina mishi ta'aziyya, Allah ya saka mishi. Tarin bai bar ni ba, amma ina aikina.

Yaya, faɗanki ya iso, kuma gaskiyarki. Sai dai abin ya canza. Lokotoro ya rasu watanni uku da suka wuce, yana zaune a kujera da jarida a hannu. Ba a jima ba Madam ta zame a matakala ta karya ƙugu. Ɗansu ɗaya ne, ya mutu a babban yaƙi, yana yaƙar 'ya'yan kawunnansa. Danginta suna ƙetaren iyaka. In na fita daga gidan nan yau, babu mai miƙa mata ruwa. Na sauko da gadonta ɗakin da hoton yake, don ta ce nan take so.

Ki ce wa Inna iccen bai mutu ba, ba kuma fara ba ce. Haka itatuwansu suke, suna zubar da ganye da sanyi kamar yadda gawo ke zubarwa da damina, sannan su sake tohowa. Ina cin abinci har ina ragewa. Ki ce wa Malam a ɗakin girki nake salla. Amma ya sani, mutanen hoton ba su da fuska, baya suka ba mu.

Na tambayi Madam dalilin haka. Ta ce a zamanin kakanta masu wannan sana'a a ƙasarsu sun gaji da yin hoton sarakuna da yaƙi. Sai su ɗauki takarda su fita daji cikin sanyi, su zauna suna kallon icce ɗaya ko kango ɗaya har yatsunsu su sandare, su dawo ɗaki su yi watanni suna aiki. Da gangan suke ƙanƙanta mutum su girmama sama da ƙasa, don mai kallo ya tuna shi ba komai ba ne gaban Wanda ya yi su. Suna juya mutanen baya ne kuma don kai mai kallo ka zama kana tsaye a bayansu, kana ganin abin da suke gani. Na ce mata mu ma mun san wannan, duk wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai a kan tudun rairayi ya sani.

Ga amsar tambayar Inna ta biyu. Yarinyar da ke hoton uwar Madam ce, macen kuma kakarta. Amma ba su taɓa yin wannan tafiya ba. Kakar ta rasu da kaka, kafin ƙanƙara ta sauka. Mijin, wato mai hoton, ya rufe kansa a ɗaki duk sanyin shekarar, da ya buɗe ƙofa sai ga wannan. Ya ba yarinyar, ya ce ga ta nan tare da uwarta. Bai sake yin wani hoto mai mutum a ciki ba har ya mutu.

Tun da na ji haka na rage kallonsa. Yaya, akwai abin da ke damuna. Idan na tuna Biba yanzu, ba na samun fuskarta. Tana goye na bar ta. Ita da Kaltumi, in na rufe ido, bayansu nake gani suna tafiya kwari, ina kira ba sa waiwayowa.

Madam tana raguwa kullum. Wani lokaci tana mini magana da harshensu, ta manta ba na ji. Ina amsawa da Barebarci, mu yi ta hira haka. Ba na jin za ta ga ƙarshen sanyin nan. Ba fata nake mata ba, Allah ya sani. Ina dai gaya muku ne don ku san nisan abin da ya rage.

Fannami.

Faransa, bayan ƙaramar salla, 1934

Yaya Habsu, gaisuwa gare ku duka. Ku yi haƙuri da rubutun, a kan gado nake yin sa.

Madam ta rasu. Kafin ta rasu ta sa an rubuta mini sunan Gure a bayan wannan takarda, ita ce ta ƙarshe. Ni ma ina kwance, tarin ya fara zuwa da jini. Ta bar mini farin zanen, ta ce da shi za a sallame ni ranar tafiyata. An riga an naɗe shi an ajiye mini a gefen gado. Gobe za su zo su ɗauke ni. Ina ganin tafiyar ta matso.

Ki roƙar mini Inna gafara, da Kaltumi. Na daɗe da yawa.

Fannami.

Gure, bazara, 1934

Daga Habsu zuwa ga Fannami.

Ba ni da doguwar gaisuwa. Takardarka ta zo, tun ranar ba a ɗora tukunya da daɗin rai a gidan nan ba. Wane farin zane ne aka naɗe maka a gefen gado? Su wa za su ɗauke ka, zuwa ina? Malam Barmo ya karanta ya sake karantawa, ya ninke takardar ya ce mu yi addu'a.

In kana da rai, ka rubuto ko layi ɗaya. In ba ka iya riƙe alƙalami, ka dangwala yatsa a tawada ka aiko. In kuwa wani ne ya buɗe wannan takarda, don Allah ya nemi mai jin Hausa, ya gaya mana inda aka kai ɗan'uwanmu.

Inna ta ce ta yafe tun kafin ka roƙa.

Habsu.

Faransa, kan duwatsu, farkon 1936

Daga Fannami zuwa ga Yaya Habsu, gaisuwa da ɗoki. Ina Inna, ina ƙafar? Ina Kaltumi, ina Biba? Allah ya sa shirunku na lafiya ne.

Ni na ji sauƙi ƙwarai. Daga gidan Madam gidan likita aka kai ni, na yi watanni ban san inda kaina yake ba. Daga nan aka hawo da ni wani gidan jinya na masu ciwon huhu a kan duwatsu. Maganinsu iska ce da madara da kwanciya. Sukan jera mu a baranda cikin barguna, mu yini muna kallon ƙanƙara. Na yi ƙiba har wandona ya matse.

Na rubuto muku sau uku ban ga amsa ba, har na fara zargin kun yi fushi. Sai kwanan nan wata mai kula da mu ta ga abin da nake kwafawa a bayan takarda, ta ce babu gidan wayar da zai gane wannan. Ashe rubutun Madam da nake kwaikwayo daga ka, na ɓata shi. Mai kula da mu ɗin ce ta rubuta na wannan. In kun aiko da wata gidan Madam, an rufe shi tun rasuwarta.

Hoton yana tare da ni. Ɗan ƙaninta ya zo rabon kaya, ya ga ta rubuta nawa ne, ya cire shi daga katakonsa ya naɗe mini, bai yi gardama ba. Yana cikin akwatina. Abin mamaki, daga barandar nan abin da ke cikinsa nake gani da idona, farar ƙasa, baƙin icce, rana ƙasa-ƙasa. Sai yanzu na ga mutumin bai yi ƙarya ba. Ƙanƙara ba fara ba ce zalla. Da hantsi tana da ruwan ɗorawa, inuwarta shuɗiya ce kamar an tsoma ta a baba. Duk ya sa wannan, ni ne ban lura ba.

Sun ce in na ci gaba haka, baɗi za su bar ni in hau jirgi. Zan kawo shi in rataye a ɗakin Inna ta ga iccen da idonta, in Malam ya yarda. Ki ce wa Kaltumi saura kaɗan. Ta yi haƙurin da ba kowace mace za ta yi ba, kuma na sani.

Roƙo ɗaya. Ki auna mini tsawon Biba da zare, ki sa a cikin amsa.

Ƙanenki, Fannami.

Gure, farkon damina, 1936

Daga Habsu zuwa ga ƙanena Fannami. Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mana kai. Inna tana da rai, Biba lafiya, ga zarenta nan. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Fannami, mun yi maka sadakar mutuwa.

Takardarka ta bayan rasuwar Madam ta ce jini, ta ce an naɗe maka farin zane a gefen gado, ta ce gobe za a ɗauke ka, ta roƙi gafara. Duk wanda ya ji ta a zauren Malam likkafani ya ji. Ashe hoton kake nufi da zanen. Kullum hoto kake ce wa abin nan, babu wanda hankalinsa ya je kansa. Na rubuta, ba amsa. Damina ta wuce. Da kaka Usmanu na Bune, abokinka na bariki, ya dawo daga soja. Ya ce kafin su taso ya nemi izini ya je garin don ya yi maka sallama, ya tarar da gidan a kulle. Wata maƙwabciya ta gaya mishi an yi mutuwa a gidan, kuma ta ga an fito da baƙin mutum a kwance, an rufe shi har ka. Musa da ya raka shi ya ce haka aka yi. Sun faɗa gaban alƙali, aka haɗa da takardarka, alƙali ya yanke.

Kaltumi ta yi takaba. Bayan ta fita ta zauna a gidan nan wata shida, ta ƙi kowa. Inna ce da kanta ta kira ta, ta ce ba za ta zuba ido yarinya ta tsufa tana gadin tsohuwa ba. Inna ce kuma ta kira Manzo. Ba don garka ba ne, kada ka ɗauka haka. Ta ga yadda yake da Biba ne. An ɗaura aure bara. Yanzu Kaltumi tana da ciki, ya tsufa.

Ranar da takardarka ta zo, Malam bai aiko a kira ni ba, da ƙafarsa ya zo. Inna tana tsinke yakuwa. Da ta ji, ta yi dariya, ta yi ta shafa takardar a fuska. Can sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ni na aurar da matar ɗana yana da rai." Tun ranar sai na yi da gaske take shan ko kunu.

Manzo da kansa ya je wurin alƙali, bai jira an kira shi ba. Alƙali ya ce tun da mutuwar ba ta tabbata ba, aurenka yana nan, cikin kuwa na Manzo ne, kuma babu zunubi a kan kowa. Ya raba su. Kaltumi tana ɗakina yanzu. Manzo yana kawo itace da ruwa ya ajiye a ƙofa ya juya. Ita ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuma cewa ga wanda take so. Na tambaye ta me zan rubuta maka, ta ce ba ta da bakin magana.

Alƙali ya ce maganar tana hannunka. In ka riƙe, matarka ce, za ta jira ka. In ka sake, sai ta sauka ta gama idda a sake ɗaura musu. Ba zan ce maka ga abin da za ka yi ba. Na tsawata maka da yawa a baya, yau ba ni da faɗa. Sai dai duk abin da za ka rubuta, ka rubuta shi a fili.

Habsu.

Faransa, kan duwatsu, kaka, 1936

Daga Fannami zuwa ga Yaya Habsu. Na gaishe ku.

Na jinkirta amsa don ban so in rubuta da zuciyar da na karanta taki da ita. Na yi fushi da Usmanu, da Malam, da Manzo, har da Inna, Allah ya yafe mini. Na buɗe akwati na ciro hoton da niyyar in sa shi a murhu. Da na warware shi a kan gado sai na ga launin ya tsattsage a wajen sama saboda naɗi, macen da yarinyar suna nan suna tafiyarsu. Ba su yi mini komai ba. Mai kula da mu ta samo ƙusa, yana rataye yanzu a ɗakinmu, marasa lafiyar da ba sa iya fita baranda suna kallonsa.

Kin ce in faɗa a fili. To ga shi. Tun kafin takardarki ta zo ciwon ya taɓa ɗaya huhun. Zancen baɗi babu shi. Wataƙila in warke, wataƙila a'a, su ma ba su sani ba. Ba zan ɗaure mace da wataƙila ba bayan shekarun da ta riga ta ba ni. Amma kada a ce mata don ciwo kawai na yi. Ko da jirgi yana jirana gobe, ba zan raba jariri da gidan ubansa ba.

Malam Barmo, ka karanta wannan gaban alƙali, a hankali. Ni Fannami ɗan Yabawa, da hankalina, ba wanda ya tilasta mini, na saki matata Kaltumi saki ɗaya. Ba ta yi mini laifi ba.

Garka ta Biba ce, Manzo ya ci gaba da kula da ita. Biba ta zauna inda uwarta take, amma ta riƙa kwana wurin Inna. Na auna zaren a jikina, ya kawo mini ƙirji. Ban zaci haka ba.

Yaya, ki zauna kusa da Inna ki gaya mata, abin da ta yi wa Kaltumi shi ne abin da zan so a yi da na mutu da gaske. Ki ce Ɗan Talata ya ce ta ci abinci.

Fannami.

Gure, bayan ƙaramar salla, 1937

Daga Habsu zuwa ga ƙanena Fannami, gaisuwa da addu'ar samun sauƙi. Ana yi maka ita a masallacin unguwa kowace Juma'a, wannan karon ta masu rai.

An karanta takardarka gaban alƙali. Manzo ya sunkuyar da kai har aka watse, da muka fito ya ce in gaya maka ba shi da kalmar da ta isa. Kaltumi ta sauka lafiya, namiji. An sake ɗaura musu aure ba kiɗa ba taro. Inna tana cin tuwo, ba da yawa ba. Ta sa an mayar da tabarmarta zaure, wai daga nan ana ganin hanyar Damagaram. Biba na kwana wurinta. Ta san yanzu tana da uba a ƙasar sanyi, tana gaya wa yara har sun gaji da ji.

Ina zaune a zauren Malam yana rubuta wannan sai ga Kaltumi da jaririn a baya. Ba ta taɓa zuwa nan ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce tana da magana da za a sa maka, a rubuta ta yadda ta faɗa. Ga ta.

"Takabar da na yi maka, da gaske na yi ta."

Malam ya tsaya da alƙalami a hannu yana jira ko akwai saura. Ta ce babu, ta gyara goyonta ta fita.

Yayarka, Habsu.